Wankin da ake yi kafin a sa wuƙa

Tun shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta mai da fiɗar haihuwa kyauta, matakin da ya ceci mata da yawa. Amma a ƙauyukan Matamaye da Kantce, akasari mace ba ta isowa likita sai naƙuda ta yi tsawo. Faya ta fashe tun jiya, an sha rubutu, an jira, sannan aka ɗora ta a amalanke. Kafin a ce za a yi mata aiki, ƙwayoyin cuta sun sami hanya daga gabanta zuwa mahaifa.

Irin wannan mace ce ta fi kowa bukatar wankin da ake yi a ɗakin tiyata. Kowa ya san ana shafe fatar ciki da magani, galibi ruwan aidin mai launin goro da muke kira Bétadine, a fara daga inda za a yanka a yi waje, a bar shi ya bushe. Abin da ba a cika sani ba shi ne wanki na biyu. Ungozoma ko likita ya kama auduga da almakashin riƙo, ya jiƙa ta da maganin, ya goge cikin gaban mace na kamar daƙiƙa 30. Shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin haka a 2015, ta sake jaddadawa a 2021, ta ce ko da aidin ko da wani maganin da ake kira kulohezidin. Gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna yana rage ciwon mahaifa na bayan fiɗa da kusan rabi, wato zazzaɓin nan mai zuwa da jini mai wari.

Akwai kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta guda ɗaya, minti 30 zuwa 60 kafin yanka. Aske gashin mara da reza kuwa an hana, domin reza tana barin ƙananan raunuka.

A ganina, kyautar fiɗa ba ta cika ba sai da kwalbar maganin nan a kowane ɗakin tiyata, daga Matamaye har Damagaram, dare da rana. Kuɗinta bai kai na kwana ɗaya na jinyar ciki da ya ruɓe ba, balle ɗaukar mai jego zuwa babban asibiti da jariri a hannun kaka.

Bayan sallama kuma sauran aikin na gida ne. Masu wankan jego su kiyaye ɗinkin, kada a watsa masa tafasasshen ruwa da ganye, kada a shafa masa komai. In wurin ya yi ja, ko ya fara ruwa, ko jiki ya yi zafi, a koma likita ran nan.