Kwashe Fayilolin Wucin Gadi Zuwa Filash: Riba Ce Ko Asara?

Akwai wata shawara da ta daɗe tana yawo tsakanin masu aiki da kwamfuta a ofisoshi da makarantu, cewa wai duk mai son faifan SSD na kwamfutarsa ya yi ƙarko, sai ya soka filash ko katin ajiya a gefe, ya umarci na'urar ta riƙa zuba fayilolin wucin gadi a can. Su waɗannan fayiloli, tarkace ne da kwamfuta ke rubutawa tana sharewa yayin da take aiki, kamar kwafin takardar da ake bugawa, da hotunan shafukan intanet da aka buɗe.

Shawarar ba ta rasa tushe ba. Faifan SSD ba shi da faranti mai juyawa irin na tsohon faifai. Yana ajiye bayani ne cikin ƙananan gurabe na lantarki, bisa fasahar da Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya gabatar a 1987. Kowane gurbi yana da iyakar sau nawa za a share shi a sake rubutu, domin kowace sharewa tana cin siririn bangon da ke tsare cajin da ke ciki. Irin na farko, mai ɗaukar ƙwayar bayani ɗaya a gurbi, yakan jure kusan sau 100,000. Mai ɗaukar uku kuwa, wanda ya cika kasuwa, bai cika wuce sau 3,000 ba.

To, amma fa sai an zauna an yi lissafi. Cikin kowane SSD akwai wata 'yar na'ura da ke rarraba rubutu daidai wa daida a kan dukan gurabe, don kada wani sashe ya riga sauran mutuwa. Kamfanin Samsung, alal misali, ya ba faifansa 870 EVO mai gigabayit 500 garanti na shekara biyar, ko rubutun terabayit 300. A ce ma'aikaci yana rubuta gigabayit 20 kowace rana, har da ranakun hutu, sai ya shekara kusan 41 kafin ya kai wannan adadi. Kazalika a 2013 mujallar The Tech Report ta Amurka ta ɗauki faifai shida ta yi ta rubutu a kansu dare da rana. Babu wanda ya mutu kafin ya haye terabayit 700, na ƙarshensu kuwa, watau Samsung 840 Pro, sai da ya wuce terabayit 2,400 sa'an nan ya tsaya a 2015.

Shi kuma filash ɗin da za a ɗora wa kayan, ai ɗan gida ɗaya ne da SSD, sai dai shi ne mai rauni. Yawanci da gurabe masu arha ake yin sa, na'urar da ke rarraba rubutu a cikinsa ba ta da ƙwari, ga shi da nauyin jiki wajen rubuta ƙananan fayiloli barkatai, alhali kuwa wannan shi ne ainihin aikin da ake son ba shi. Sakamakon haka sai kwamfuta ta koma tana jan ƙafa. Abin da ya fi muni shi ne ranar da wani ya zare filash ɗin don ya je kanti buga takarda, ko kwamfutar ta sauya harafin da take kiransa da shi. Nan take manhajar da ke neman wurin zuba tarkacenta za ta iya tsayawa cik, ɗalibin da ke tsakiyar rubuta kundin digirinsa kuwa ya yi asarar abin da bai adana ba. Ko kamfanin Microsoft, da ya fito da tsarin ReadyBoost a Windows Vista don a taimaki tsohon faifai da filash, ya sa tsarin ba ya kunnuwa idan kwamfuta a kan SSD take.

Masu ƙera manhajar Linux wata hanya suka bi. Tun daga Fedora 18 a 2013, sa'an nan Debian 13 a 2025, ana zuba fayilolin wucin gadi cikin ƙwaƙwalwar RAM, wadda rubutu ba ya cinye ta, kuma ta fi SSD sauri nesa ba kusa ba. Sharaɗinta ɗaya ne, RAM ɗin ta wadata, domin in ta cika, sai kwamfuta ta koma kan faifan da ake gudu.

Inda damuwar take da dalili shi ne ƙananan kwamfutocin hannu masu arha, masu ajiyar gigabayit 32 ko 64 da aka liƙe da dalma a jikin allon na'urar, ta yadda in ta mutu ba a iya sauya ta cikin sauƙi. Haka nan kuma kwamfutocin tokumbo, waɗanda babu wanda ya san irin aikin da suka sha a hannun masu su na farko. Kafin a biya kuɗi, manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna yawan terabayit da aka riga aka rubuta da kason lafiyar da ya rage wa faifan. Bayan an saya kuma, a bar masa fili ko da kashi goma ne cikin ɗari, domin faifan da ya cika maƙil yana maimaita rubutu a kan 'yan guraben da suka rage masa.