Man Fetur Na Ƙarƙashin Teku

Ku sani, ya malamai da attajirai, a shekarar 1956 aka samu man fetur a Oloibiri, bisa tudu. Daga nan masu haƙa suka shiga teku, rijiyoyin Okan suka fara ba da mai a 1965. Sa'an nan suka nausa can ciki har Bonga, inda zurfin ruwa ya kai mita 1,000, aka fara ɗiba a 2005. Can ake yi wa jiragen ruwa lodi, man ba ya taka ƙasa.

A zamanin dalar gyaɗa ta Kano, kuɗi ta hannun manomi da ɗan kasuwa suke bi, kowa da rabonsa. Kuɗin man teku kuwa daga kamfani sai baitulmali. Saboda haka wajibi ne talakawa su riƙa tambayar mahukunta inda aka kai su. Wasalam.