Dauɗar Da Take Wanke Ruwa

Uwargida mai tsabta ba ta barin randa ta yi yauƙi. Bayan kwana biyu ko uku sai ta zubar da ragowar ruwan, ta sa soso ta dirje cikin randar sarai. Wannan daidai ne, muna kuwa yaba mata. Amma akwai mazubin ruwa guda ɗaya wanda in an yi masa irin wannan wanki, an kashe shi ke nan. Shi ne matacin ruwa na yashi, irin wanda ruwa yake tsiyaya a cikinsa sannu sannu. Yauƙin da ke kwance a bisa yashin, shi ne mai aikin.

Bari mu fara da labarin garuruwa biyu a ƙasar Jamus. A shekara ta 1892 ciwon kwalara, wato amai da gudawa, ya faɗa wa birnin Hamburg. Cikin 'yan makonni mutum wajen 8,600 suka mutu. Jikin Hamburg akwai wani gari mai suna Altona, har baƙo ba ya iya sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Dukansu biyu daga kogin Elbe suke sha. Abin mamaki, Altona tana ɗiban nata ruwan daga gangare, bayan ƙazantar Hamburg ta riga ta shiga kogin. Bisa ga lissafi su ya kamata cutar ta fi ci. Amma waɗanda suka kamu a can kaɗan ne in an gwada da Hamburg. Bambancin ɗaya ne: Altona tana tace ruwanta ta cikin yashi, Hamburg kuwa ba ta gama gina nata wurin tacewa ba. Sai a 1893 ta gama, bayan an sha makoki.

Dabarar ta girmi wannan annoba. Wani mutum mai suna John Gibb ya gina matacin yashi a garin Paisley na Sikotilan a 1804, James Simpson kuma ya gina wa mutanen Landan nasu a 1829. A zamaninsu ba a san ƙwayoyin cuta ba tukuna. Su dai a ganinsu yashi rariya ce, tana tsare laka da ɗiddiga. Daga baya ne masana suka gane cewa ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi sun yi wa ƙwayar cuta faɗi ƙwarai, kamar a ce kaza za ta bi ta ƙofar gari. To, me ke hana ta wucewa?

Ga abin da ke faruwa. In ruwan rafi ko na rijiya ya yi ta bi ta kan yashi kowace rana, ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sukan zauna a saman yashin, su hayayyafa. Akwai gansakuka, akwai ƙwayoyi iri iri marasa lahani, akwai kuma waɗanda suka ɗan fi girma, masu farautar na ƙasa da su. Tare suke yin wata shimfiɗa mai yauƙi, kaurinta bai wuce santimita 1 ko 2 ba. Jamusawa suna ce da ita Schmutzdecke, wato mayafin dauɗa. Ƙwayar cuta in ta iso nan sai ta manne a yauƙin. Wata a cinye ta. Wadda ta kuɓuta ta gangara ƙasa sai ta iske duhu, babu abinci, ba kuma ɗumin cikin mutum wanda ta saba da shi, ta manne a jikin yashi ta mutu. Saboda haka ake son ruwan ya tafi a hankali. A manyan wuraren tace ruwa na birane, ruwan yana sauka santimita 10 zuwa 30 ne kawai cikin awa guda. Tururuwa ma ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Har yau Landan tana tace ruwan sha ta wannan hanya.

Irin na gida kuwa, wani injiniya ne a Jami'ar Calgary ta Kanada, David Manz, ya tsara shi wajen 1990. Akwati ne na siminti ko roba, tsayinsa kusan mita guda. Tsakuwa a ƙasa, yashi mai laushi wajen rabin mita a bisa. An lanƙwasa bututun fitar ruwa ya hau sama, domin kullum a sami ruwa kamar santimita 5 kwance a kan yashin, kada halittun su bushe. Akwai kuma faranti mai ƙananan huda a sama, don ruwan da aka zuba kada ya tone shimfiɗar.

Tun da yake abu ne mai rai, sai a riƙe shi kamar dabbar gida. Sabon mataci yana bukatar kamar wata guda kafin ya nuna. A ba shi ruwa kowace rana, daga wuri ɗaya in da hali. In iyali za su tafi gida hutun Kirsimati, a roƙi maƙwabciya ta riƙa zuba bokiti guda. Kada a zuba masa ruwan zafi, ko na sabulu, ko wanda aka sa wa kilorin. Ruwa mai laka sosai a bar shi ya kwanta tukuna. Ran da ruwa ya rage gudu, ba a kwashe yashin a wanke. Sai a shafa samansa da tafin hannu a hankali, a kwashe ruwan da ya gurɓace, a rufe. Mun ga inda mai ƙwazo ta juye yashin duka ta shanya a rana, tana murna ya yi fari fat. Aikin wata guda ta zubar.

Yanzu sai batun ƙarfe. Da yawa cikinmu mun san rijiyar burtsatse wadda ruwanta yake fitowa garau, amma kafin azahar ya yi ja a bokiti, yana ɓata farar riga, yana ɗanɗanon ƙusa. Ƙarfe ne narkakke, wanda ya zauna a ƙarƙashin ƙasa inda babu iska. Da ya sha iska sai ya zama tsatsa. Akwai wasu ƙwayoyi da suke samun ƙarfin rayuwa daga wannan juyi na ƙarfe zuwa tsatsa, kamar yadda mu muke samu daga tuwo. In sun zauna cikin mataci, suna gaggauta aikin, tsatsar ta tsaya a yashi, ruwa ya fita fari. Sai dai ruwa mai ƙarfe da yawa yana toshe mataci da wuri. Gara a juya shi daga bokiti zuwa bokiti ya sha iska, a bar shi ya kwanta kafin a zuba. Manganis, ɗan'uwan ƙarfe mai barin baƙin tabo, ya fi taurin kai. Iska kaɗai ba ta kama shi da sauri. Sai ƙwayoyin sun yi wa yashin wani baƙin rufi, abin da yakan ɗauki makonni ko watanni, sa'an nan rufin ya riƙa jawo sauran manganis ɗin.

Tsatsar nan da muke ƙi tana da wani amfani. A Bangaladash an haƙa rijiyoyin famfo miliyoyi tun daga shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa. A 1993 aka tabbatar da cewa da yawa cikinsu suna da asenik, guba ce marar launi, marar wari, marar ɗanɗano, mai kawo ciwon fata da ciwon daji bayan shekaru. Yashi kaɗai ba ya tsare ta sosai. Amma asenik tana manne wa tsatsa. A Nefal sai aka ƙera matacin da ake kira Kanchan, aka zuba ƙusoshi kilo 5 a samansa. Ƙusa ta yi tsatsa, tsatsa ta kama guba, yashi ya kama tsatsa. Wani masanin kimiyya ɗan Bangaladash, Abul Hussam, ya ƙera nasa mai suna SONO da ƙarfe da yashi da gawayi, har ya ci kyautar dala miliyan 1 a Amurka a 2007. Matacin ƙusa bai yi aiki daidai a kowane irin ruwa ba, saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya zuba ƙusoshi a randa.

Akwai kuma abin da matacin yashi bai iya ba, gara mu faɗa a fili. Ba ya cire gishiri ko kanwa da suka narke a ruwa. Ba za a dogara gare shi ba a kan dalma. Mun tuna da Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma. Yawancinta daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, wanda ake dakawa a cikin gidaje, ba wani mataci da zai hana wannan. Tafasa ruwa ma ba ya korar dalma ko asenik, gama ruwa ne ke tashi ya zama tururi, gubar tana nan a tukunya. Wanda rijiyarsa take kusa da wurin haƙar ma'adinai, ya kai ruwan a auna masa.

Ko a kan ƙwayoyin cuta, mataci mai kyau yana kama ƙwan tsutsar ciki kusan duka, da mafi yawan masu kawo gudawa, amma wasu ƙanana ƙwarai sukan wuce. Don haka ruwan jariri da na mara lafiya a tafasa shi bayan an tace, ko a sa masa kilorin. A tara shi cikin mazubi mai murfi, da moɗarsa dabam.