Yadda Ake Ɗaura Fitilar LED a Saman Tankin Kifi Ba Tare da Kiran Mai Gyara Ba

Duk wanda ke yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon akwatin kifi na gilashi mai shuɗin haske, cike da murjani da kifaye masu launi. Abin da ke ba shi wannan kyau fitilar LED ce da aka rataya a samansa. Matashi a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi zai iya haɗa irinta da hannunsa, amma akwai sharaɗi: ruwa da wutar lantarki ba sa ga maciji. Kuskure ɗaya na iya kashe kifin, ya ƙona fitilar, ko wuta ta ja mai ba kifin abinci.

Wane haske kifin ke buƙata?

Kafin a sayi komai, sai a san abin da ke cikin ruwan. Murjanin teku dabba ce mai rai, kuma a jikinta akwai wasu ƙananan halittu masu haɗa abinci da haske kamar yadda ganye ke yi. Shi ya sa masu kiwonsa a Amurka da Turai ke amfani da shuɗin haske mai ƙarfi. Ita wannan shuɗiyar LED ce ta sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samu lambar yabo ta Nobel a 2014, kuma daga gare ta aka samo farar LED da ke cikin tocilar waya.

A arewacin Zamfara, inda teku ke da nisan ɗaruruwan kilomita, kifin da ake da shi na ruwan daɗi ne, irin na gulbin Gagare da na Bunsuru. Kifin ado da karfasa farin haske ya ishe su, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, na awa 8 zuwa 10 a rana. Idan aka wuce haka, gansakuka ce za ta rufe gilashin.

Tarwada kuwa tata daban ce. Kifi ne mai son duhu, kuma haske mai ƙarfi yana tayar wa 'ya'yanta hankali har su riƙa cizon juna da cinye na ƙasa da su. Mai tankin roba ko na tamfol a bayan gida fitila mai rauni yake buƙata, wadda zai kunna lokacin ba da abinci ko duba ruwa, ya kashe da ya gama.

Kayan da za a tanada

Mafi sauƙi ita ce LED mai kama da ɗamara, wadda ake sayarwa a naɗe, yawanci mita 5, mai aiki da wutar 12V. A duba lambar IP a jikin ledar. IP20 ba ta da kariyar ruwa ko kaɗan, IP65 tana jure feshi, IP67 da IP68 kuma sun fi su. Don saman tanki kada a sayi ƙasa da IP65.

Sai falankin alminiyam irin na masu haɗa taga, fayif na roba na masu aikin famfo ko katako, igiyoyin roba na ɗaure waya, gam ɗin silikon, da adafta. Alminiyam ɗin ba ado ba ne. Shi ke janye zafin fitilar, kuma zafi ne babban abin da ke rage wa LED kwana. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, fitilar da aka manna kai tsaye a katako ba ta daɗewa take dusashewa.

Lissafin wuta

Ɗamarar da aka fi samu, samfurin 5050 mai ƙwai 60 a kowace mita, tana cin kimanin wat 14.4 a mita. Tanki mai tsawon santimita 60 zai ɗauki layi biyu, wato mita 1.2, kimanin wat 17 ke nan. Adaftar 12V mai 2A tana ba da wat 24, don haka ta isa har da rara. Wannan rarar ce ke hana adafta ɗaukar zafi.

Tunda wutar Kaduna Electric ba abin dogaro ba ce kullum, da yawa sola za su nufa. Ƙaramin batir na 12V mai 7Ah yana ɗauke da wutar da za ta riƙe wat 84 na awa ɗaya, kuma rabinta kawai ya kamata a ja idan ana so ya yi ƙarko. Fitilar wat 17 za ta cinye wannan rabin cikin kimanin awa biyu da rabi. Dabarar ita ce a kunna fitilar da rana, lokacin da farantin sola ke aiki, a bar kifin ya kwana cikin duhu. A haɗa ta ta na'urar daidaita caji, ba kai tsaye a kan farantin ba, domin wutar da farantin ke fitarwa ta fi 12V.

Yadda ake ɗaurawa

Da farko a yanka ɗamarar a kan layin da aka yi wa alamar almakashi, wanda ke zuwa bayan kowane ƙwai uku. Yanka a wani wuri yana kashe wannan sashen. A goge alminiyam ɗin ya bushe, a manna ɗamarar, sannan a ƙara ɗaure ta da igiyar roba, saboda gam ɗin bayanta yana saki idan ya sha zafi da tururi. A toshe bakin da aka yanka da wurin haɗin waya da silikon.

Daga nan sai a haɗa ƙafafu biyu da fayif ko katako a gefe da gefen tankin, a gicciya falankin a kansu, tsayin santimita 20 zuwa 30 daga saman ruwa. Idan ya yi ƙasa, feshin ruwa zai same shi. Idan ya yi sama da yawa, hasken zai watse cikin ɗaki. Mai son ratayawa daga rufi ya yi amfani da sarƙa ko waya biyu, ɗaya a kowane gefe, don ko ɗaya ta tsinke fitilar ba za ta faɗa ruwa ba.

Inda haɗarin yake

Wutar 12V ba ta da haɗarin ja irin na wutar gida, amma 230V da ke shiga adafta tana kisa. Saboda haka adafta da soket su zauna nesa da tankin, a ɗage su daga ƙasa. Wayar da ta fito daga fitila a bar ta ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket. Duk ɗigon da ya biyo wayar zai zuba a gindin lanƙwasar maimakon ya shiga soket. Mai amfani da batir ya sa fis kusa da shi, domin waya biyu idan suka haɗu suna iya tayar da gobara. Kuma a zare komai daga wuta kafin a tsoma hannu cikin ruwa, musamman a gidan da yara ke wasa kusa da tankin.

Sarrafawa da waya

Akwai ƙananan na'urori da ake sawa tsakanin adafta da fitila, masu haɗuwa da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi. Da manhaja irin Smart Life ana saita lokacin kunnawa da kashewa, a kuma rage ƙarfin haske. A wurin da sabis ke yawan ɗaukewa, mai Bluetooth ta fi, domin ba ta buƙatar data. A makon farko a fara da rabin haske, a ƙara a hankali. Idan kifin na ɓuya a lungu ko ya ƙi cin abinci, hasken ya yi yawa.

Lokacin hunturu ƙura kan lulluɓe fitilar ta rage haskenta, don haka sau ɗaya a mako a kashe ta, a goge da busasshen ƙyalle, a duba ko tsatsa ta kama mahaɗin wayoyin.