Gyara Kayanka: Zaman Duba Aikin Juna Tsakanin Rele da Uwayen Ƙungiya

Ƴan'uwa rele, da ku uwaye masu jagorancin ƙungiyoyin mata, yawancin aikin yaƙi da tamowa ku kaɗai kuke yin sa. Kuna shiga gida-gida da ma'aunin damtse, a tsakar gida kuke yanke shawara: wannan yaro a kai shi likita yau, wancan a ci gaba da sa masa ido. Majo ko jami'in shiri ba ya samun leƙa kowane gari sai jefi-jefi, balle da damina idan gulbi ya kawo ruwa hanya ta yanke. Hannun da ya saba da kuskure yana iya yin watanni a kansa ba wanda ya lura. Domin haka muke kira gare ku da ku riƙa zama junanku kuna duba aikinku.

Mene ne wannan zama?

Taro ne na mutum biyar zuwa takwas masu aiki iri ɗaya, daga garuruwan da ke kusa da juna, sau ɗaya a wata. Babu shugaba na dindindin. Jagoranci yana zagayawa. Ba wanda ya zo bincike, ba a rubuta sunan kowa a kai gaba. Zaman bai maye gurbin ziyarar majo ba, yana cike giɓin da ke tsakanin ziyara da ziyara ne. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Fara da awo

Ku buɗe kowane zama da gwajin hannu. Da izinin uwa, mutum biyu ko uku su auna yaro ɗaya, kowa ya riƙe abin da ya samu a ransa, sannan a kwatanta. Awon na yara ne masu wata 6 zuwa wata 59. Ana ɗaura ma'aunin a tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. Ja shi ne ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani ke nan. Ruwan ɗorawa daga 115 zuwa ƙasa da 125, tamowa matsakaiciya. Tsanwa daga 125 zuwa sama.

Ku lura da ƙanƙantar wannan tazara: milimita 10 kacal ke raba ja da tsanwa. Wadda ke sassauta ma'auni za ta sallami yaron da ke bukatar magani ta ce lafiyarsa lau. Wadda ke matsewa za ta sa uwa ta yi tafiyar banza a rana, gobe kuma uwar ba za ta sake yarda da ita ba. Mai wannan kuskure ba ta iya ganin sa da kanta. Ta gefe ce ke gani.

Haka ma gwajin kumburi. A danna bayan ƙafafun yaro biyu da manyan yatsu har daƙiƙa 3. Idan rami ya zauna a ƙafafu biyun, tamowa ce mai tsanani, ko da ma'auni ya nuna tsanwa.

Kawo matsala ɗaya

Bayan awo, mutum ɗaya ya kawo abin da ya gagare shi. A ce wata rele tana bin wani yaro da aka sa a shirin CRENAS, inda uwa ke zuwa kowane mako ta karɓi Plumpy'Nut ta koma gida, amma mako uku nauyinsa bai motsa ba. Ga yadda za a bi:

Da farko ta ba da labari, kowa ya yi shiru har ta gama.

Sannan a yi mata tambayoyi kawai, ban da shawara tukuna. Yara nawa ne a gidan? Wa ke riƙe yaron idan uwa ta tafi gona? Yana zawo ko zazzaɓi? Sau da yawa a nan ake gano cewa ana raba abincin maganin da yayyensa, domin rumbu ya ƙare, uwa kuwa ba ta iya kallon sauran suna kuka.

Bayan haka kowa ya faɗi abin da ya taɓa gwadawa. Wata ta ci nasara ne da ta zauna da maigida; wata da ta jawo kaka a jiki, tunda maganar kaka ke da nauyi a kan ba jariri ruwa ko bauri kafin ya cika wata 6 yana shan nono zalla.

A ƙarshe mai matsalar ce ke zaɓar matakin da za ta ɗauka, a zama na gaba ta faɗi yadda aka kwana. Yaron da nauyinsa ya tsaya kuwa, dole majo ya sani, domin wata cuta na iya ɓoye a ƙarƙashi.

Nauyin zuciya ma aiki ne

Daga Yuni zuwa Satumba, ƙarancin abinci da zazzaɓin cizon sauro kan haɗu, yara su yawaita a likita. Akwai rele da za ta bi yaro da dukan ƙarfinta, Allah ya yi masa rasuwa. Idan ba ta da wurin faɗin abin da ke ranta, sai barci ya ƙaurace mata, ta fara zargin kanta, wata rana ta ajiye ma'auni ta bar aikin, gari guda ya rasa mai auna masa yara. Ku ware lokaci a kowane zama ku tambayi juna: yaya kike, yaya ƙarfin hali? Ku yi wa juna ta'aziyya kafin ku duba ko akwai darasi.

Ƙa'idodi uku

Sirri: ba a ambatar sunan uwa, yaro ko gida, abin da aka faɗa kuma ya tsaya a wurin.

Mutunci: ana gyara aiki ba tare da an kunyata mai shi ba, wadda ta daɗe da sabuwar shiga duk daidai suke.

Gaggawa ba ta jiran taro: yaron da ya ƙi ci ko shan nono, mai amai da duk abin da ya shiga cikinsa, mai jijjiga, ko wanda jikinsa ya saki ba ya farkawa sosai, a kai shi likita nan take, domin yana iya bukatar kwanciya a CRENI.

Ku uwaye da aka koya wa auna ƴaƴanku a gida, ku ma ku zo da ma'auninku taron ƙungiya ku auna tare da maƙwabciya. Ku kuma rele, kafin wannan wata ya ƙare, ku nemi abokan aikinku na garuruwan kusa, ku tsayar da rana da wuri, ku sanar da majon likitarku. Tambayar da ta fi ƙarfin zaman ku rubuta ta, ku kai masa. Allah ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya.