Ledar rufi mai kauri: yadda take hana yoyo a saman butikai da mangaza

Duk damina kukan ɗaya ne: ɗan kasuwa ya kashe kuɗi ya zuba dal a saman mangaza, ruwan Agusta ya sauka, da safe ya tarar buhunnan gero da na siminti sun jiƙe. Dalili shi ne siminti na buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, har ya tsage. Ruwan da ya kwanta a sama kuma ta nan yake bi.

Iyayenmu da makuba da laso suke kare soro. Yau magina na da wata leda ta musamman da ake shimfiɗawa falle ɗaya tak bisa rufin. Waɗanda aka fi sani su ne PVC da TPO, kaurinsu wajen milimita 1 zuwa 2. A naɗe take zuwa kamar tabarma. Inda falle biyu suka haɗu, da injin iska mai zafi ake narka bakinsu su zame abu guda, ruwa bai samun hanya.

Amfaninta na farko ke nan. Na biyu, galibi fara ce, tana maida hasken rana baya, ba kamar kwalta ba da ke shan zafi. Wanda ya san bazarar Tawa ko Damagaram, inda zafi ke wuce digiri 40, ya san darajar wannan. Na uku, ba ta da nauyi, kuma in ta huje faci ake yi wa wurin kawai. In aikin ya yi kyau tana iya kai shekara 20.

Amma a kiyaye. Ba baƙar ledar kasuwa ba ce, wadda rana ke cinyewa cikin ƴan watanni. Ƙusa da tsinin ƙarfe na huda ta. PVC ba ta shiri da kwalta, sai an sa wani shimfiɗi tsakaninsu. Kuma dole rufin ya ɗan karkata wajen indararo, a riƙa share shi kafin ruwan farko.

Ƴan uwa da ke ci-rani kuna aiko kuɗin gini gida, kafin ku biya ku tambayi magini: wace iri ce, kaurinta nawa, wa zai haɗa bakin, kuma ina aikin da ya taɓa yi? A tura wani ya gani da idonsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.