Tsofaffin na'urorin wasan bidiyo na harbi

Wasan harbi, wanda da Turanci ake kira shoot 'em up, wani nau'in wasan bidiyo ne da ɗan wasa ke sarrafa jirgin sama ko kumbo guda ɗaya, yana harbin abokan gaba masu yawa kuma yana kauce wa harsasansu. Yawancin fitattun wasannin an ƙirƙire su ne a ƙasar Japan tsakanin 1978 da farkon shekarun 2000, da fari don manyan injinan da ake jefa wa tsabar kuɗi, daga baya aka mayar da su kan na'urorin gida. A arewacin Najeriya ana kiran irin waɗannan na'urori da sunan gem. Da yake wasan harbi ya dogara ne kacokan kan saurin ido da hannu, zaɓen na'urar da za a buga shi ya fi na sauran wasanni buƙatar lura.

Tarihi

Kamfanin Taito ne ya fitar da Space Invaders a shekarar 1978, wanda Tomohiro Nishikado ya tsara. Namco ya biyo baya da Galaxian a 1979 da Galaga a 1981. Daga nan wasan ya rabu gida biyu: wanda allo ke tafiya daga ƙasa zuwa sama, kamar 1942 na kamfanin Capcom da ya fito a 1984, da wanda ke tafiya a kwance, kamar Gradius na Konami a 1985 da R-Type na Irem a 1987. A shekarun 1990 kamfanonin Toaplan da Cave suka kawo salon da harsasai ke cika allo har sai ɗan wasa ya bi ta 'yar ƙaramar kafa, misali Batsugun na 1993 da DoDonPachi na 1997.

Na'urorin

Famicom ta kamfanin Nintendo ta fito a Japan a 1983, kuma ita ce aka sayar a Amurka da sunan NES. A kasuwannin Najeriya kwaikwayonta ne ya fi yawa, tare da kaset ɗin da ake rubuta masa dubban wasanni alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa. Galaxian, Galaga, 1942 da Star Force na cikin waɗanda ake yawan samu a ciki. Tana da araha, amma idan abubuwa suka yi yawa a layi ɗaya hoton yakan riƙa ƙyaftawa, wani harsashin ma ya ɓace wa ido.

PC Engine, wadda NEC da Hudson Soft suka fitar a 1987, ta yi suna sosai a wannan fanni saboda R-Type da Blazing Lazers da Soldier Blade. Kasuwarta ta tsaya ne galibi a Japan da Amurka, don haka samunta a Najeriya sai an yi oda daga waje.

Mega Drive ta kamfanin Sega ta fito a Japan a 1988, ta isa Turai a 1990. Ƙwaƙwalwarta, Motorola 68000, tana gudu kusan megahaz 7.6, yayin da ta abokiyar gasarta Super Nintendo ba ta wuce megahaz 3.58 ba. Wannan bambanci yana bayyana a fili a wasan harbi. Gradius III da Super R-Type na Super Nintendo sun shahara da jan ƙafa duk lokacin da abokan gaba suka taru, ita kuwa Mega Drive tana tafiyar da Thunder Force III, Thunder Force IV, Truxton, Fire Shark da MUSHA cikin sauri. Super Nintendo ta fi ta yawan launi da daɗin sauti a wasu wasannin, sai dai launi ba ya kuɓutar da jirgi daga harsashi. Cikin na'urorin da ke amfani da kaset, Mega Drive ce ta fi haɗa yawan wasannin harbi da sauƙin samu.

Sega Saturn ta 1994 ita ce masu tara irin waɗannan wasanni suka fi girmamawa, saboda Radiant Silvergun da Battle Garegga da Batsugun. Waɗannan faya-fayan a Japan kaɗai aka fitar da su, kuma yanzu suna da tsada ƙwarai. PlayStation ta farko tana da R-Type Delta da Einhänder da G-Darius. PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, tana karanta faya-fayan ta farkon, kuma tana da nata kamar R-Type Final na 2003 da Gradius V na 2004.

Tsarin talabijin

Najeriya tana amfani da tsarin PAL irin wanda Ingila ta yi amfani da shi a da, mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa. A zamanin waɗannan na'urori, Japan da Amurka suna amfani da NTSC mai sau 60. Da yawa daga wasannin da aka kawo Turai ba a gyara su ba, saboda haka suna tafiya ƙasa da saurinsu na asali da kusan kashi ɗaya cikin shida, kiɗan ma yakan ja, ga baƙin layi a sama da ƙasan allo. Wanda ya saba da na'urar Turai zai ga harsasai sun fi sauri ranar da ya zauna gaban ta Japan. Ana iya saka wa Mega Drive maɓallin da zai mayar da ita sau 60, amma talabijin da ba ta karɓar tsarin biyu takan nuna hoton babu launi, ko ya riƙa birgima.

Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya tana nuna hoto nan take. Sabbin talabijin masu faɗi sai sun sarrafa hoton tukuna, abin da ke jawo ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin jirgi. A wasan ƙwallo ba lalle a lura da shi ba, amma a R-Type ya isa ya kashe ɗan wasa. Wasu wasannin Saturn da PlayStation suna ba da damar a kwantar da talabijin a gefenta don a samu dogon allo irin na injin asali, ko da yake hakan na iya ɓata launin tsohuwar talabijin.

A arewacin Jihar Kaduna

Ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan suna arewacin jihar, kusa da iyakar Kano, kuma masu neman kayan lantarki daga Ikara, Makarfi ko Hunkuyi kan nufi Zariya ko Kano. Tsohuwar na'ura ta asali sai dai a same ta ta hannu, don an daɗe da daina ƙera su. Abin da ya fi ƙone su shi ne wuta. Lantarkin Najeriya bolt 230 ne, na Japan 100, na Amurka 120, saboda haka adaftar Japan da aka jona kai tsaye a bango za ta ƙone idan babu na'urar rage ƙarfin wuta. Haka kuma adaftar Mega Drive ta farko ba ta dace da ta biyu ba, domin wayoyinsu a juye suke. Inda ake dogara da janareta ko sola, na'urar kaset ta fi dacewa: ba ta cin wuta sosai, kuma ba ta da idon karanta faifai da ƙurar hunturu za ta toshe. PlayStation 2 kuwa ta fi sauƙin samun mai gyara da abin riƙewa na canji, tun da ta daɗe a gidajen gem saboda wasan ƙwallo.

Sabbin kwaikwayo

Kamfanonin sun sake fitar da ƙananan samfura masu wasanni a ciki da ake jonawa ta HDMI: NES Classic Edition a 2016, Mega Drive Mini a 2019, da PC Engine Mini a 2020. Suna aiki da wutar USB, don haka bambancin lantarki bai shafe su ba, amma ba sa karɓar kaset. Akwai kuma na'urori marasa sunan kamfani da ake tallatawa da dubban wasanni a ciki. Ingancinsu ya bambanta, kuma abin riƙewarsu maras waya yakan ƙara jinkiri a kan na talabijin.